'YAN SA-KAI, BAƘI DA GIDAJEN DA AURE YA HAƊA A ƘASAR KABI



Maganar da za mu duba a wannan mako magana ce mai nauyi, wadda ake yin ta a zaure da kasuwa da tashar mota, amma ba a cika son ɗaga murya da ita ba. Ita ce maganar fushin da jama'a ke yi da baƙi da makiyaya saboda ta'asar 'yan bindiga, da yadda wannan fushi yake zama makami a hannun 'yan sa-kai, da kuma tsoron da ya shiga gidajen da aure ya haɗa ƙabila biyu ko ƙasa biyu.

Ran 8 ga watan Nuwamba na 2024, 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera, cikin Ƙaramar Hukumar Augie ta masarautar Argungu, bayan da mutanen garin suka fita bin sawun shanun da aka kore musu. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Zuru, aka hallaka fiye da 60. Ran 17 ga Yuni na 2021 kuma an kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, waɗansu 'yan mata daga cikinsu ba su ga iyayensu ba sai a 2023. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce fushin jama'a ba shi da dalili. Wanda aka kashe wa ɗa, aka kore masa shanun noma, aka sa shi sayar da gona don biyan kuɗin fansa, ba a ce masa ya yi murmushi. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, a kan wa fushin yake sauka? Gama shi ɓarawon daji yana can cikin dajinsa da bindigarsa, hannu ba ya kai gare shi. Wanda hannu yake kaiwa gare shi shi ne wanda ya yi kama da shi, mai irin fatarsa da irin harshensa da irin rawaninsa, wanda ya zo cin kasuwa da akuyarsa biyu.

Gida ɗaya, harshe uku

Duk wanda ya san unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ko ya zauna Argungu ko Kamba ko Kangiwa, ya san cewa ba abu ne mai sauƙi ba a nuna mutum a ce wannan baƙo ne. Jihar Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, kuma layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja bai tambayi kowa inda danginsa suke ba. Ya raba Arawa gida biyu, waɗansu a Dogon Dutsi waɗansu a Kangiwa. Ya raba Dandawa tsakanin Gaya da Kamba. Ya bar Zabarmawan Doso a can ƙetare, alhali kuwa su ne abokan yaƙin Kabawa shekara da shekaru. Sai ka shiga gida ɗaya ka tarar kaka tana Zabarmanci, uba yana Fulatanci, jikoki kuwa ba su jin kome sai Hausa.

Wasan taubashi ma shaida ne. Asalin taubasai ɗan mace ne da ɗan namiji, watau 'ya'yan wa da ƙanwa. In ka ji Bakabe yana tsokanar Bakatsine, ko Ba'are yana tsokanar Bafulatani, to kakanni ne suka bar mana alamar cewa an ɗauki juna dangi tun da daɗewa. Kai, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kanta ba ƙabila ɗaya ba ce. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da aka kai wa mutanensa a nan ƙasar Kabi yana cikin abin da ya jawo hijira zuwa Gudu a 1804, Ba'are ne. Malam Yakubu da aka ba tutar Bauchi shi ma ba Bafulatani ba ne.

An ga ƙarfin wannan zumunta a 2023. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, har aka fara maganar yaƙi, mutanen bakin iyaka ne suka fi kowa tashin hankali, domin sun san in an harba bindiga a kan kawu da suruki za ta sauka. Malamai da sarakuna suka shiga tsakani, kuma a watan Maris na 2024 Nijeriya ta sake buɗe iyakarta. Tsarin mulkin ƙasa ma ya san da wannan cuɗanya. Sashe na 25 ya nuna cewa wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne, uwa ce ko uba.

Yadda sa-kai ya faro, da inda ya kai

'Yan banga da 'yan sintiri ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Samari ne da mafarauta da ke gadin gari da sanin mai gari, in sun kama ɓarawo su miƙa shi ga hukuma. Amma da satar shanu ta yi tsanani a Zamfara tun daga wajen 2011, jami'an tsaro suka yi ƙaranci a karkara, alƙalai suka yi nisa da talaka, sai aka sami wata irin ƙungiya wadda ba ta jiran izinin kowa. Su ne 'yan sa-kai. Da yawansu mutanen da aka zalunta ne, kuma waɗansunsu sun ba da ransu wajen kare garuruwansu. Wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta.

Sai dai wanda ya zama shi ne mai kamawa, shi ne mai shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, to babu mai gyara masa kuskure. Da yake yawancin shugabannin 'yan bindigar dajin Fulani ne, sai aka wayi gari a waɗansu wurare zama Bafulatani kawai ya isa a tuhumi mutum. Aka riƙa tare makiyaya a kasuwa da kan hanya, aka ƙone rugage. Ƙungiyoyin makiyaya irin su Miyetti Allah sun sha kai kuka a kan haka. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa, aka raba shanunsu, wa zai karɓe shi in ban da mutanen daji? Ta haka maganin ya koma yana ciyar da cutar.

Abin da ya auku a Jihar Sakkwato a watan Oktoba na 2021 ya isa misali. A farkon watan 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta Ƙaramar Hukumar Gwadabawa suka kashe mutum 11, har da wani limami. Ran 17 ga watan 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnati ta ce mutum 43 suka rasu, kuma jama'a da dama sun ɗauki abin a matsayin ramuwar gayya. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su ne suka yi kisa a Mamande ba, kamar yadda babu kotun da ta taɓa samun waɗanda suka mutu a Mamande da laifi. Masu sayen hatsi ne da masu sayar da dabbobi. Gwamnatin jihar ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai, amma wanda ya tafi ya tafi.

Su Lakurawan nan ma da ake kuka da su, masu bincike sun nuna cewa tun farko waɗansu al'ummomi ne a yankin Gudu da Tangaza suka yi maraba da su daga ƙetaren iyaka don su kore musu ɓarayin shanu. Da suka zauna da gindinsu sai suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yanke hukunci da kansu, har a watan Janairu na 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Ashe duk bindigar da ba ta ƙarƙashin doka, ko a hannun ɗan gari take ko a hannun baƙo, wata rana kan mai gida za ta juyo.

Abin da ke faruwa a cikin ɗaki

Masu ba da labari sukan ƙidaya gawawwaki, amma akwai wata ɓarnar da ba ta shiga lissafi. Mai karatu ya ɗauki gidan da uban Bahaushe ne manomi, uwar Bafulatana ce. In dangin mijin sun zauna suna cewa a gama da Fulani, ita tana jin su ta bayan katanga, kuma 'yan'uwanta da take ciki ɗaya da su ake nufi. In ta je gaida iyayenta a ruga, sai a ce ita ce infoma mai kai wa 'yan daji labari. In ta daina zuwa, can kuma a ce ta sayar da danginta. Ɗanta ba ya shiga sahun samarin gari ba tare da an yi masa kallon shakka ba, a wurin kawunnansa kuma ɗan Haɓe ne. Haka nan gidan da uban ya zo daga Doso ko Gaya shekara arba'in da suka wuce, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'ya a nan: ranar da aka ce baƙi ne suka kawo mana Lakurawa, ba ya barci da ido biyu rufe.

Daga nan sai a fara ɓoye asali. A hana yaro yin yaren uwarsa a waje. Mai tallar nono ta daina shiga gari. A fasa auren da an riga an sa rana. Ga kuma masu zuga a Facebook da TikTok, waɗanda ke zaune a birane suna kiran a raba Hausawa da Fulani kamar yadda ake tsince tsakuwa daga shinkafa. Wanda yake da jini biyu, a wace ƙwarya za a zuba shi? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da lafiyarsa ƙalau.

Mun taɓa gani, mun kuma taɓa ɗanɗanawa

Bai kamata Bahaushe ya manta da ɗacin a kira shi baƙo ba. Ran 18 ga Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa na zango-zango suka sayar da kayansu a wulaƙance, har da waɗanda aka haifa a Kumasi ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, matansu 'yan Gana suka rasa ko su bi miji ko su zauna da iyaye. Shekara 13 da 'yan watanni bayan haka muka rama. Ran 17 ga Janairu na 1983, lokacin da kuɗin man fetur suka ja baya, kuma ana ta ɗora wa baƙi alhakin rikicin Maitatsine na Kano na 1980, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba da irin wannan wa'adi na mako biyu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da sauransu. Korar ba ta sa abinci ya yi araha ba, kuma ba ta hana mabiya Maitatsine sake tayar da fitina a Jimeta a 1984 ba.

In an fara tonon asali, babba ma ba ya tsira. A watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi aka ajiye, wai ubansa ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne. To, in an yi wa mai muƙami haka, ina ga matar ruga?

A waje ma haka abin yake. A Afirka ta Kudu, a tarzomar ƙin baƙi ta watan Mayu na 2008, an kashe mutum 62, kuma 21 daga cikinsu 'yan ƙasar ne. A Ingila, bayan kisan 'yan mata uku a Southport ran 29 ga Yuli na 2024, aka baza ƙaryar cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira ya yi kisan, aka far wa masallacin garin da masaukan masu neman mafaka, alhali kuwa a Birtaniya aka haifi yaron da ya aikata. A Mali, ran 23 ga Maris na 2019, an kashe Fulani wajen 160 a ƙauyen Ogosagu, aka zargi wata ƙungiyar mafarauta masu sa-kai.

Na kusa-kusan nan shi ne na Uromi ta Jihar Edo. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, 'yan banga suka tare mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komawa gida Salla daga Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Arewa duka ta yi kuka, kuma ta yi gaskiya. Amma hujjar da aka kashe su da ita, watau sun yi kama da masu laifi, ita ce hujjar da ake kashe makiyayi da ita a kasuwannin ƙauyukanmu. Wanda ya la'anci ta Uromi, tilas ne ya la'anci ta Mamande.

Me Shari'a ta ce?

Da farko, Shari'a ba ta sassauta wa ɗan fashi ba. Aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu tare hanya da tayar da hankalin ƙasa, kuma malamai sun haɗu a kan cewa ya halatta mutum ya tunkuɗe wanda ya kawo masa hari a kan ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa. Wanda ya tsaya a bakin garinsa ya kare shi, bai yi laifi ba. Amma tunkuɗe mai hari daban, fita neman wanda za a huce a kansa daban. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun nuna cewa tsayar da haddi da ƙisasi aikin shugaba ne ko wakilinsa, bayan shaida ko iƙirari a gaban alƙali. Ko wanda aka kashe wa ɗan'uwa, in ya kashe ainihin mai laifin ba da izinin hukuma ba, ana ladabtar da shi. Ina kuma ga wanda ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba?

Na biyu, laifi na mai shi ne. Wannan ita ce ƙa'idar da aya ta 164 ta Suratul An'am ta kafa. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mumini barin adalci saboda ƙiyayyar da ke tsakaninsa da waɗansu mutane, aya ta 6 ta Suratul Hujurat kuma ta wajabta bincika labari kafin a afka wa jama'a a zo ana da-na-sani. A huɗubar bankwana, a shekara ta 10 bayan hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke ramuwar jini irin ta jahiliyya, ya kuwa fara da jinin wani daga cikin danginsa.

Na uku, yawan taro ba ya raba alhaki ya zama kaɗan. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi ƙisasi a kan wata ƙungiya dukanta saboda mutum guda da suka haɗu suka kashe. Wanda ya yi ihu, da wanda ya riƙe, da wanda ya sara, kowa ya san da wannan.

Tarihin sahabbai ya aje mana ƙissar da ta yi daidai da halinmu. A shekara ta 23 bayan hijira wani bawa Bafarishe, Abu Lu'ulu'a, ya soki Sayyidina Umar a masallaci. Cikin zafin zuciya ɗansa Ubaidullahi ya zare takobi ya kashe Hurmuzan, Bafarishen da ya riga ya musulunta, da Jufaina, wani Banasare mutumin Hira, da 'yar Abu Lu'ulu'a ƙarama. Ɗan Halifa ne, kuma ubansa aka kashe, amma duk da haka aka tsare shi, shari'arsa ta zama cikin abin da Sayyidina Usman ya fara dubawa. Sayyidina Ali ya ga a yi ƙisasi, waɗansu suka ga kada a haɗa wa gidan Umar rashi biyu, daga ƙarshe Halifa ya biya diyya daga dukiyarsa. Saɓanin da suka yi a kan irin hukuncin ne. Jinin baƙin nan bai tafi a banza ba don kawai an yi zaton suna da hannu.

Game da 'ya'yan ruwa biyu kuwa, ai gidan Annabci ne ya fara ɗaukaka su. Mahaifiyar Annabi Isma'ila, Hajara, mutuniyar Masar ce. Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi yake matuƙar so, ubansa Balarabe ne mai hasken fata, uwarsa Ummu Aimana Bahabashiya ce, shi kuma ya fito baƙi, har masu tsegumi suka riƙa sukar asalinsa. Shi ne aka naɗa shugaban rundunar da manyan sahabbai ke cikinta yana saurayi. Da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, an gaya masa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. Ranar buɗe Makka kuma, a shekara ta 8, Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib ta ba waɗansu dangin mijinta mafaka a ɗakinta, ɗan'uwanta Ali yana neman kashe su, Annabi ya tabbatar da amanar da ta bayar. Matar da ta tsaya tsakanin danginta da surukanta, a Musulunci mai ba da mafaka ce wadda ake girmama maganarta. Wannan kariya ta haɗa da wanda ba Musulmi ba, ko ɗan kasuwa ne daga Kudu ko maƙwabci a ƙasar Zuru, inda akan sami Musulmi da Kirista a gida ɗaya.

Sa'an nan nauyi mafi girma yana kan shugabanni. Shehu Usmanu, a cikin Bayanu Wujubil Hijra da ya rubuta a 1806, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya yi littafi guda, Liya'ul Hukkami, a kan wajiban masu mulki da alƙalai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda talaka ya kai ƙara aka saki ɓarawo kafin shi ya iso gida, inda makiyayi ya biya tara ta zalunci a kan ɓarnar da bai yi ba, nan ne sa-kai da fashi suke tsirowa tare.

Darasin Matan Fada

Ƙasar Kabi ta san gaba, ta kuma san yadda ake kashe ta. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, Arawa da Zabarmawa suka mara masa baya, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka sami wajen shekara takwas ana noma da fatauci kafin yaƙi ya dawo. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa ya zo Argungu, aka yi masa bikin su don girmamawa. Wannan shi ne asalin bikin kamun kifin da ake yi a Matan Fada, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Mutanen da suka yi wa juna ɓarnar da ta wuce tamu sun iya zama a tabarma ɗaya, jikokinsu suka auri juna. Waɗannan jikoki su ne ake so yau a ce su zaɓi rabin jininsu.

Abin da ya rage gare mu

Jihar Katsina a 2023, da Zamfara da Sakkwato a 2024, sun kafa rundunonin tsaron al'umma a ƙarƙashin doka. Yunifom kaɗai ba ya gyara hali. Kowace irin runduna ce, wajibi ne a san sunan kowa a wurin hakimi da 'yan sanda, a sa ɗan manomi da ɗan makiyayi a cikinta, wanda aka kama a miƙa shi kotu da ransa, wanda kuma ya yi kisa ba bisa ƙa'ida ba a gurfanar da shi ko ɗan wane ne.

Arɗo da dattawan ruga su ma da nasu nauyin. Ɓoye mai laifi don ɗan dangi ne ita ce ƙabilancin da ake kuka da ita, kuma ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Masu unguwa su san baƙon da ya sauka da wanda ya saukar da shi, kamar yadda aka gada, domin sanin baƙo kariya ce gare shi da garin baki ɗaya. Iyaye, musamman na bakin iyaka da na ruga, su yi wa 'ya'yansu takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun kafin ranar da za a tambaya. Limamai su kira kisan zato da sunansa a kan mumbari, ko da masu yin sa suna sahun gaba. Kai kuma mai karatu, in saƙon murya ya shigo wayarka yana cewa an ga waɗansu baƙi a wuri kaza a far musu, ka tuna cewa yatsan da ya tura shi gaba yana da rabo a cikin abin da zai biyo baya. In kana da maƙwabciya ko suruka da ta shiga wannan hali na tsoro, ka aika iyalinka su gaishe ta a fili, mutane na gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Mera da Zuru da Mamande da Goronyo da Uromi. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, Ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin jinin wanda bai yi mana kome ba, amin.